Koyar da Ƙananan Yara a Gida: Yadda Iyaye a Mbamba Za Su Zaɓi Manhaja da Littattafai

Dalilan da ke sa iyaye a Mbamba, ta Yola ta Kudu, su zaunar da ɗan shekara uku zuwa shida su koya masa karatu a gida ba ɓoyayyu ba ne. Kuɗin nazare ya yi tsada, ga kuɗin keke napep zuwa cikin Yola ko Jimeta safe da rana, ga ajin da ya cika ya batse har malama ba ta riƙe sunan kowa ba. Wasu iyalan ma dole ce ta koya musu: waɗanda suka baro Mubi da Michika da Madagali a 2014 sun yi watanni yaransu ba makaranta, haka kowa ya ɗanɗana a 2020 da korona ta rufe makarantu tun daga watan Maris. Ko mene ne dalilin, tambayar da ke biyo baya ɗaya ce: me zan koya masa, kuma da wane littafi?

Yawancin iyaye a kasuwa suke fara neman amsa. A shiga shagon littattafai a Jimeta, a ce wa mai shago, "Malam, ba ni na 'yan nazare," ya ɗauro guda takwas a leda, a dawo gida a rasa ta inda za a fara. Ni dai shawarata ita ce kasuwa ta zama zangon ƙarshe. Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga. A fara sanin inda yaron yake, da harshen da yake tunani da shi, da abin da ake so ya iya nan da wata uku. Idan an san waɗannan, littafin da ake bukata ba zai wuce biyu ko uku ba.

Kafin nan, a san matsayin doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, ta kuma tanadi gargaɗi a karon farko, tara ko ɗauri idan aka maimaita. Ba ta shimfiɗa wata hanya ta rajistar mai karatu a gida ba, saɓanin Ingila da Amurka inda doka ta yarda da hakan a fili. Saboda haka shawarwarin da ake gani a intanet daga can, a kan ƙasarsu aka gina su. A nan, filin da iyaye ke da shi sosai shi ne shekarun da ke gaban shiga aji ɗaya, wato kafin shekara shida, sai kuma tallafin yamma da na hutu ga wanda ya riga ya shiga. Wannan jagora a kan su take.

Auna yaro tukuna

Akwai wata hanya mai sauƙi da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, wadda ake kira TaRL, kuma an yi aiki da ita a Borno da Kano da wasu jihohin Arewa. Ba ta tambayar shekarun yaro ko ajinsa, abin da ya iya take dubawa. A gida ma za a iya yi. A rubuta haruffa goma a warwatse a takarda, ba bisa jerin abacada ba, a ce ya nuna waɗanda ya sani. Idan ya gane yawancinsu, a ba shi kalmomi gajeru kamar gida, nono, tuwo. Idan ya wuce, jimloli uku ko huɗu. Idan ya wuce, ɗan gajeren labari, sannan a tambaye shi abin da ya faru a ciki. Inda ya tsaya, daga nan manhajarsa ta fara.

Abin da ke yawan ba iyaye mamaki shi ne yaron da ke rera haruffan Turanci daga farko har ƙarshe ba gargada, amma a nuna masa harafi ɗaya a tsakiya ya yi shiru. Waƙa ya haddace. Haka a lissafi: ya ƙirga har hamsin da baki, amma a ce ya miƙo dabino bakwai ya dumbuzo ba ƙirge. Kada wannan ya tayar da hankali. Sanin hakan da wuri shi ne ribar awon.

Sai batun harshe, wanda a Mbamba ya fi na Kano ko Katsina sarƙaƙiya. Gida ɗaya ana iya yin Fulatanci da kaka, Hausa da maƙwabta, Turanci a makaranta, wani gidan kuma ga Bata ko Verre ko Chamba a ɗaki. Gwamnati ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba: a Nuwamban 2022 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da an janye wannan an koma Turanci. Wannan hukuncin makaranta ne, bai shafi tabarmar tsakar gida ba. A gida, a fara koya wa yaro karatu da harshen da ya fi ji, idan har akwai abin karantawa a cikinsa. Dalili kuwa shi ne wanda ke koyon karatu da harshen da bai sani ba, aiki biyu yake yi lokaci guda: yana fama da harafi, yana fama da ma'ana. Hausa da Fulatanci kuma suna da wata falala: kusan yadda ake furta su haka ake rubuta su, wasula biyar ne, harafi ba ya yawan sauya sauti. Yaro ya gane sirrin haɗa baƙi da wasali sau ɗaya, ya gane ke nan, kuma wannan ganewar za ta bi shi zuwa Turanci.

Gidan da Fulatanci ya fi ƙarfi kada su ji dole sai Hausa. Haruffan kusan ɗaya ne, ɓ da ɗ duk suna nan, sai a ƙara ƴ da ŋ da haɗaɗɗun sautuka irin mb, nd, nj, ng. Littattafan ne suka yi ƙaranci a kasuwa, amma Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa a 1989 ta yi aiki da Fulatanci a makarantunta, ana kuma koyar da harshen a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola. Malami ko ɗalibi daga can zai iya nuna muku abin da ke akwai.

Abin da manhajar za ta ƙunsa

Manhajar ƙasa Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi, wato NERDC, ke tsara ta. An fara aiki da ta shekara tara a 2008, aka fara aiki da gyararriyarta a 2014, aka sake rage yawan darussa a 2025. Amfaninta gare ku shi ne ku san inda makaranta za ta sa ran samun yaron. Ku je firamaren da kuke nufin sa shi, ku roƙi hedimasta ko malamar aji ɗaya ta nuna muku tsarin aikin zangon farko, ku ɗauki hotonsa a waya. Ofishin sakataren ilimi na Yola ta Kudu ma wurin tambaya ne. Amma kada ku kwafi jadawalin makaranta ku dasa a gida. Ɗan shekara huɗu ba ya bukatar darussa tara. Abu biyar sun ishe shi: magana da sauraron labari, karatu da rubutu, ƙirga, addini da ladabi, sai aikin hannu da wasa. Ku sami littafin rubutu guda, ku rubuta a ƙarƙashin kowanne abu biyu ko uku da kuke so ya iya kafin wata uku: ya gane haruffa takwas da sautinsu, ya ƙirga abu har goma da hannu, ya ba da tatsuniya daga farko zuwa ƙarshe, ya haddace Fatiha da ƙananan surori ko addu'o'in gidansu. Wannan shafin shi ne manhajarku.

Za ku ji ana tallan manhajar Birtaniya, ta Amurka, da Montessori. Ba na ƙin su, sai dai a san abin da ake saye. Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko ne a 1907 a wata unguwar talakawa a birnin Rum, kuma jigon hanyarta shi ne yaro ya koya da hannunsa, da kayan da suka yi daidai da ƙarfinsa, ba tare da an katse shi ba. Tsince wake daga masara, zuba ruwa daga buta zuwa kofi ba a zubar ba, jera ludayi daga babba zuwa ƙarami, sa maɓallin riga: duk wannan hanyar ce, kuma kayan suna madafarku. Littattafan da aka shigo da su kuwa, sau da yawa suna magana kan dusar ƙanƙara da kuɗin fam da lokutan shekarar Turai, alhali yaron Mbamba damina da kaka da hunturu da bazara ya sani, da Binuwai idan ya cika, da shanu idan sun dawo kiwo.

Mafi kusa da mu akwai tsarin da ya girmi duk waɗannan. Makarantar allo tana da matakai tsararru: babbaƙu, farfaru, haɗɗatu, sannan almajiri ya fara rubuta allonsa. Kowane yaro da inda yake, kuma ba a wanke allo sai ya riƙe abin da ke kai. Wannan ƙa'ida ta "sai ya riƙe a ƙara masa" ita ce mafi darajar abin da za ku ɗauko. Koyarwa a cikin gida ma ba baƙuwa ba ce gare mu, domin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura malamanta mata da ake kira jaji suna koyar da mata a gidajensu ta hanyar ƙungiyar 'Yan Taru. Abin da nake roƙo a bari shi ne bulala. Yaron da ke kallon hannun uwarsa don tsoro ba ya kallon harafin.

Darasi ɗaya, a kusa

Ga yadda darasin karatu zai iya kasancewa. Uwa ta zuba yashi mai laushi a faifai ko tire, ta ajiye a gaban 'yarta. Ta zana m da yatsa, ba ta faɗi sunan harafin ba, sautinsa ta ja da leɓe a rufe. Ta ce, "Me ya fara da wannan a gidan nan?" Yarinya ta waiga ta ce, "Manja!" "Sai me?" "Murhu. Mama!" Sai uwa ta riƙe yatsan yarinyar su bi zanen tare, ta girgiza faifan ya goge, yarinya ta yi da kanta. Ya karkace, a girgiza a sake, ba takardar da ta lalace. Daga nan uwa ta ɗauko marafan kwalba da ta rubuta haruffa a cikinsu, ta ajiye m, ta turo a kusa da shi a hankali har su haɗu, bakinta na haɗa sautin: ma. Minti goma zuwa sha biyar, an tashi.

Ba lallai a bi jerin abacada ba. A fara da haruffan da ke saurin haifar da kalma. Da a, m, k, n kaɗai yaro zai karanta mama, kaka, nama, kama, har da jimla: Kaka na nan. Ranar da ya karanta wannan da kansa ya ruga ɗakin kakarsa ya nuna mata, aikin ya kama hanya. Harafi ɗaya ko biyu a mako ya isa. A jinkirta haɗa b da d a mako guda don suna rikita ido, a kuma ba ɓ, ɗ, ƙ haƙƙinsu na lanƙwasa tun farko, kada ya saba rubuta ƙasa ba ƙugiya.

Lissafi ma da hannu ake fara shi, lamba a takarda daga baya. 'Ya'yan tsamiya, ƙwallon dabino, duwatsu, a ƙirga ana taɓa kowanne. Idan ya kai goma, a kakkarya tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma da zare: ɗauri biyu da tsinke uku, ashirin da uku. Wanda ya yi wasa da ɗaurin nan ba zai sha wahalar "aro" a lissafin cirewa ba, domin ya saba kwance ɗauri ɗaya ya koma tsinke goma. Sai a buɗe masa ɗan shago a tsakar gida da kuɗin takarda da kuka yanka, ya sayar wa Goggo da Baffa, ya ba da canji.

A karatun Alƙur'ani akwai abin da iyaye ke mantawa su tambaya. Makarantun allo galibi ruwayar Warshu suke bi, da rubutun da ake sa wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Islamiyyoyi kuwa yawanci Hafsu suke yi, da bugun da fa ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Ƙaramin yaro da ake nuna wa wannan da safe, wancan da yamma, zai ga harafi ɗaya da suna biyu. Ku duba inda za ku kai shi, ku bi tasu: allo idan allo ne, Bagadadiyya ko Nuraniyya idan Islamiyya ce. Gidajen Kirista kuma su nemi littafin labaran Littafi Mai Tsarki na yara da harshen da ake addu'a da shi a gidan, su tambayi malaman makarantar Lahadi wanda suke amfani da shi.

Turanci ya shigo ta kunne tun da wuri: gaisuwa, sunayen sassan jiki, launuka, waƙoƙi. Karanta shi kuwa ya jira sai yaro ya iya haɗa gaɓoɓi a harshensa. Sannan a ɗauko tsarin sauti irin Jolly Phonics, wanda ke koyar da sautuka 42, makarantu da yawa a Najeriya kuma suna amfani da shi. A kula da sautukan da babu su a Hausa, irin p da v, da kuma wasulan Turanci da ke sauya murya daga kalma zuwa kalma.

Yanzu a tafi kasuwa

Abin da za a saya kaɗan ne: littafin koyon karatu ɗaya, na lissafi ɗaya, littattafan labari gwargwadon hali, ƙaramin allo da alli, fensir mai kauri, kalar zane, littafin rubutu mai manyan layuka. A Hausa, Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu na kamfanin NNPC na Zariya sun daɗe suna aiki. Akwai kuma Mu Karanta!, wanda aka tsara wa firamaren Bauchi da Sakkwato da tallafin USAID, mataki-mataki yake tafiya. A nan Yola, Jami'ar Amurka ta Najeriya ta gudanar da shirin TELA da ya koyar da karatu da lissafi ta rediyo, daga baya kuma shirin SENSE ya yi aiki da malaman firamare a Adamawa da Gombe kan karatun farko, don haka malamin firamaren unguwa mutum ne da ya kamata a tambaya. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ba na yaro ya karanta ba ne tukuna, na uba ne ya karanta masa da dare, yana sauƙaƙa inda ya yi nauyi.

Kada a biya kuɗin littafi sai an buɗe shi a gaban mai shago. A duba shafi na farko na darasi: idan ya fara da dogayen kalmomi ko jimloli, ba na mai farawa ba ne. A duba girman rubutu, ya zama yaro zai iya ɗora yatsa a ƙarƙashin harafi ɗaya. A bi lambobin shafi, domin bugun jabu yakan tsallake shafuka ko ya maimaita su, tawadarsa a dushe, hotonsa a dagule. A tanƙwara bayan littafin kaɗan a ga ko gam ɗin zai saki. A littafin Hausa, a nemi kalma mai ƙ ko ɗ, idan ba ƙugiya a ajiye shi. Sannan a tambayi kai: ni da zan koyar, na gane abin da shafin nan ke so in yi? Littafin da uwa ba ta gane ba, komai kyansa, ba zai yi aiki a gidanta ba. Da an dawo, a sa wa littattafan bango, a ajiye su a bokitin roba mai murfi a wuri mai tudu. Wanda ya ga ambaliyar Yola ta Kudu a Yulin 2025, ko ya san ɓarnar gara, ba ya bukatar ƙarin bayani.

Waya tana da amfani, amma ga iyaye ta fi. A shafukan African Storybook da StoryWeaver akwai labaran yara kyauta da Hausa, na farkon har da Fulatanci. A sauke, a kai shagon kwamfuta a buga, a ɗinke. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF sun buɗe Nigeria Learning Passport a 2022, akwai darussa da Hausa a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya dai ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana a gaban allon waya ko talabijin, ƙasa da haka ya fi. Idan zai kalla, a zauna da shi, a tsayar a tambaye shi abin da ya gani.

Lokaci kuma a bi yanayin garin. A bazarar Yola, a Maris da Afrilu, zafi na haura digiri 40, don haka darasi da safe ne bayan karin kumallo, kafin rana ta ɗaga. Zama biyu gajeru sun fi dogo ɗaya. Tatsuniya bayan isha'i ita ma darasi ce, musamman idan an bar yaro ya maimaita ta washegari da bakinsa. A jawo 'ya'yan maƙwabta biyu ko uku, mata da maza, iyaye su yi karɓa-karɓa: wannan ta iya lissafi, waccan ta iya labari. Yaro na bukatar koyon jiran layi da rabon alli. Idan za a ɗauki malamin lesin, shafin manhajarku za a ba shi ya bi, kuma a zauna a ga darasinsa na farko. Wanda kuma aka lura yana kai takarda dab da ido, ko sai an maimaita masa magana, a kai shi asibiti a duba ido da kunne kafin a ce ba ya ganewa.

Duk ƙarshen wata uku a sake awon farko, a rubuta sakamakon da kwanan wata, a tara wasu daga zanensa da rubutunsa a jaka ɗaya. Idan ya kusa shekara shida, a karɓo takardar haihuwarsa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa in ba a riga an karɓa ba, a je makaranta tun kafin zangon Satumba da jakar nan a nuna wa malamar aji ɗaya. Idan aka ga ya iya karatu aka ce a tsallakar da shi zuwa aji biyu ko uku, a yi tunani sosai, domin hannunsa da jikinsa da zamansa cikin yara na ɗan shekara shida ne. Ya fara aji ɗaya, ku kuma ku riƙe zaman yamma na minti sha biyar da karatun harshen gida, tunda a aji Turanci zai fi ji.